Kuɗin al'adu na komawa hannun bankuna, fasahar Hausa kuma ba ta cikin lissafi

A ranar 15 ga watan Oktoban 2024 hukumomin mulkin soja a Yamai suka sauya sunayen wasu tituna da wurare na babban birnin. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, dandalin Francophonie ya koma dandalin ƙawancen AES, cibiyar al'adun Nijar da Faransa mai ɗauke da sunan Jean Rouch kuma aka raɗa mata sunan Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka shirya fim a ƙasar.

Sauya allo aikin yini guda ne. Abin da allon bai faɗa ba shi ne wanda zai riƙa biyan kuɗin wuta, da albashin ma'aikatan ɗakin karatu, da ladan ƙungiyar wasan kwaikwayon da ta hau dandamali. Shekaru masu yawa wannan cibiya da takwararta ta Damagaram suna cikin 'yan wuraren da mawaƙi ko ɗan wasa zai samu fitilu da lasifika masu kyau, da hanyar da za ta kai shi wani biki a waje, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin daga Paris yake zuwa.

Alamar rufewar wannan hanya ta bayyana tun shekara guda kafin nan. A tsakiyar Satumban 2023, makonni kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ofisoshin ma'aikatar al'adun Faransa na jihohi suka aika wa gidajen wasa da bukukuwan da ke cin tallafin gwamnati wata takarda, wadda ta umarce su da su dakatar da duk wata hulɗa da Mali da Burkina Faso da Nijar, su tsayar da tallafin kuɗi, kuma kada su gayyaci ɗan ɗaya daga cikin ƙasashen uku. Takardar ta zo ne ana dab da buɗe bikin Zébrures d'automne na birnin Limoges, wanda ɗan Burkina Faso, Hassane Kassi Kouyaté, ke shugabanta a lokacin. Ƙungiyoyin masu gidajen wasa na Faransa sun yi ca, ministar al'adu ta lokacin, Rima Abdul Malak, ta fito ta ce ƙasarta ba ta ƙaurace wa masu fasaha, matsalar biza ce kawai. Ga wanda ke Yamai da tikiti a hannu ba biza, bambancin bai taka kara ya karya ba. A farkon Janairun 2024 ofishin jakadancin Faransa a Nijar ya rufe baki ɗaya.

Wannan rikicin siyasa shi ya fi ɗaukar hankali, sai dai ya faɗo ne a tsakiyar wani sauyi da ya fi shi girma. Kuɗin kyauta da ake ba al'adu yana raguwa kusan ko'ina. Wanda ke ƙaruwa kuɗin banki ne, na bashi da zuba jari. Banki kuwa alƙaluma yake bi, kuma alƙaluman da ake tattarawa a yau ba sa ganin mafi yawan abin da masu fim da waƙa da wasan Hausa ke samarwa, balle na Hausawan da ke zaune a wajen Najeriya.

Tsohuwar taga

Sunan da aka cire da wanda aka sa, tarihinsu a sarƙe yake. Moustapha Alassane makanike ne kafin ya koyi riƙe kyamara a cibiyar bincike ta Yamai a hannun Jean Rouch, daga baya ya tafi Kanada ya ƙaro ilimin fim ɗin zane wurin Norman McLaren. Oumarou Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, yana aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abidjan Rouch ya ɗauke shi a Moi, un noir. Silimar Nijar da ta yi suna a shekarun 1960 da 1970 ta tashi ne da basirar 'yan ƙasa da kuɗi da kayan aikin Faransa. Haka tsarin ya ci gaba da asusun Fonds Sud daga 1984, sannan Aide aux cinémas du monde da ya gaje shi a 2012.

Misali na kusa shi ne Zinder na Aïcha Macky, fim na gaskiya da ya fito a 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara. Da Hausa aka yi shi, a Damagaram aka ɗauke shi, amma haɗin gwiwa ne da kamfanonin Faransa da Jamus, kuma tashar Arte ta nuna shi. Fim irin wannan, da ke cin shekaru ana bin mutane da kyamara, ba ya mayar da kuɗinsa a kasuwar Maraɗi ko Kano. In ba tallafi, ba a yin sa.

A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF, Burkina Faso da Mali suka bi bayanta. A Yamai aka aza harsashin ƙungiyar ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani na cikin iyayenta. Asusunta na fina-finai, Fonds Image, yana karɓar ayyukan da aka yi da harsunan gida muddin an fassara su a rubuce, amma ya ɗaure cancanta da kasancewar ƙasar mai nema cikin ƙungiyar. Ficewar ta shafi mai shirya fim na Tawa ko Damagaram kai tsaye, alhali takwaransa na Garwa ko Njamena yana nan cikin layi. Ghana ma, wadda Turancin Ingilishi ne harshen hukumarta, ta zama cikakkiyar memba a Oktoban 2024, wata biyar kafin Nijar ta fita.

Bai kamata a yi wa tsohuwar tagar kukan da bai dace ba. Mutane ƙalilan ne suka taɓa leƙa ta: masu ilimin boko, mazauna manyan birane, waɗanda suka iya cike takardar neman tallafi mai shafuka da yawa da Faransanci, kuma suka san abin da alƙalan Paris ko Brussels ke son gani game da Sahel. Makaɗin kalangu, da zabiya, da mai shirya fim ɗin bidiyo a Maraɗi ba su taɓa rayuwa da ita ba. Amma akwai irin aikin da ita kaɗai ke ɗauka: fim na gaskiya, wasan dandamali, fassarar littafi, adana tsofaffin faya-fayai. Waɗannan su ne suka zama marayu.

Ba Faransa kaɗai ba

Ko da ba a yi juyin mulki ba, da ruwan ya ja baya. Kasafin Faransa na 2025 ya zabtare fiye da yuro biliyan 2 daga tallafin raya ƙasashe. A Fabrairun 2025 Birtaniya ta ce za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. A cikin watan ne gwamnatin Holan ta sanar da cire al'adu da wasanni daga jerin abubuwan da za ta riƙa tallafawa a waje. Amurka kuma ta rushe hukumar USAID, sannan a Yulin 2025 ta sake sanar da ficewa daga UNESCO.

Dama can rabon al'adu ɗan kaɗan ne. Rahoton UNESCO na 2022 kan manufofin ƙirƙira ya nuna kashi 0.23 cikin 100 ne kacal na tallafin raya ƙasashe ke zuwa al'adu da nishaɗi, wato cikin kowane sefa 10,000, sefa 23.

Sai dai wannan adadi ya ɓoye wani abu da kowane ɗan wasan kwaikwayo a Diffa ko Marwa ko Abeche ya sani. Kuɗin da ya fi shiga aljihunsu ba daga layin al'adu yake fitowa ba. Daga layin lafiya da zaman lafiya da ilimin 'ya'ya mata yake fitowa: wasan faɗakarwa kan rigakafi a ranar kasuwa, wasan rediyo kan auren wuri, waƙar kiran matasa su guji 'yan bindiga. Tashar Arewa24 kanta, wadda Dadin Kowa da Kwana Casa'in suka shiga gidajen Hausawa daga Agadas zuwa Kumasi ta hanyarta, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa ta a 2014 kafin ta tsaya da ƙafarta a matsayin kamfani. Idan aka rufe wani shirin lafiya, ba wanda ke rubuta cewa ƙungiyar wasa ta mutum goma sha biyar ta rasa aiki. A takarda, ba a taɓa kuɗin al'adu ba.

Biliyoyin da ake sanarwa

A daidai lokacin da wannan ke faruwa, alƙaluman da ake shelantawa a manyan taruka sai ƙara kumbura suke yi. Bankin Afreximbank mai mazauni a Alƙahira ya ware dala miliyan 500 ga masana'antun ƙirƙira a 2020, ya ninka zuwa biliyan 1 a 2022, sannan a Oktoban 2024, a taronsa na CANEX a babban birnin Aljeriya, ya sake ninkawa zuwa biliyan 2. A Najeriya an ƙaddamar da shirin iDICE a Maris na 2023, mai fiye da dala miliyan 600, da kuɗin Bankin Raya Afirka, da Bankin Musulunci, da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD. Kuɗin Faransa bai bar nahiyar ba ke nan, ya dai sauya ƙasa ya sauya riga.

Kalmar da ta mamaye tarukan ita ce masana'anta, ba al'ada ba, kuma sauyin kalmar na da ma'ana. Wannan ba kyauta ba ce. Bashi ne, ko sayen hannun jari, ko lamuni. Mai nema sai ya zo da kamfani mai rajista, da littafin kuɗi da aka tantance, da jingina, da yarjejeniyar wanda zai sayi aikin, da shaidar cewa haƙƙin mallakar nasa ne. Kamfanin da ke gina gidajen silima a Legas ko ɗakin ɗaukar sauti a Abidjan zai iya. Furodusan da ke haɗa fim mai dogon zango da kuɗin wani ɗan kasuwa abokinsa, yana biyan 'yan wasa hannu da hannu a wurin ɗauka, ba shi da ko ɗaya daga cikin takardun nan, ko da kuwa kowane kashi na fim ɗinsa mutum miliyan guda ke kallo.

Fatan da aka ɗora kan manyan kamfanonin nuna fim ta intanet shi ma ya yi sanyi. Netflix ya ce ya zuba dala miliyan 175 a Afirka daga 2016 zuwa 2022, amma a ƙasashe uku kawai, kuma Afirka ta Kudu ce ta kwashe mafi yawa; rabon Najeriya bai kai miliyan 24 ba. A Janairun 2024 Amazon ya daina ɗaukar nauyin sababbin fina-finan Afirka.

Wa ake ƙirgawa?

A nan ne bincike ya shigo, domin banki ba ya ba da bashi sai an nuna masa girman kasuwa. Najeriya ta ga amfanin haka da idonta. A Afrilun 2014, da aka sake lissafin tattalin arzikin ƙasar, aka fitar da fim da kiɗa a matsayin sashe mai zaman kansa, aka ce sun kai kusan kashi 1.4 cikin 100. Ba fim ko ɗaya da aka ƙara yi a ranar, ƙirgawa kawai aka yi. Amma daga nan bankuna da ministoci suka fara magana da masu fim da wata murya dabam.

Rahoton UNESCO na Oktoban 2021 kan fim a Afirka ya yi wa nahiyar irin wannan aiki. Ya ƙiyasta sashen na samar da dala biliyan 5 da aiki ga mutum miliyan 5, kuma zai iya kaiwa biliyan 20 da aikin mutum miliyan 20. Ya ce ƙasashe 19 ne kawai cikin 54 ke ba masu fim wani tallafin kuɗi, allon silima a duk nahiyar bai kai 1,700 ba, satar fasaha kuma na cinye rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na kuɗin shiga. Tun daga lokacin da wuya a yi taron al'adu ba a ambaci biliyan 20 ɗin nan ba.

Matsalar ita ce yadda ake ƙirgar. Ƙasa-ƙasa ake yi, ta hannun ma'aikatu da hukumomin fim, kuma abin da ke da rasit ake gani: tikitin silima, kamfani mai rajista, fim ɗin da ya bi ta hukumar tarayya. Kasuwar fasahar Hausa ba haka take tafiya ba. Kuɗinta na cikin liƙin biki, da waƙar amarya da ake biya kafin a shiga situdiyo, da waƙar siyasa, da tallan ɗan kasuwa da ake cusawa a tsakiyar fim, da wasan Sallah da mawaƙan Kano ke zuwa yi a Yamai ko Kumasi ko Garwa, da shagunan masu tura fim a waya waɗanda suka gaji masu sayar da faifai. Duka tsabar kuɗi ne, kuma yawanci suna tsallaka iyaka. Tun Turmin Danya na 1990 wannan kasuwa ke ciyar da dubban mutane ba tare da asusun tallafi ba, amma wanda ya buɗe rahotannin zai ɗauka wani ɗan reshe ne na Nollywood.

Mutanenta ma ba na ƙasa ɗaya ba ne. Sunayen Fati Nijar da Hadiza Gabon kaɗai sun isa shaida. Abin da irinsu suka samar, in ma an ƙirga shi, a littafin Najeriya yake shiga.

YouTube, inda fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So suka samu gida, shi ne wuri ɗaya da ke da alƙaluma na gaske, amma shi ma yana karkatar da hoton. A jerin ƙasashen da kamfanin ke biyan masu tashoshi kuɗin talla akwai Najeriya da Ghana da Senegal. Babu Nijar, babu Chadi, babu Kamaru. Matashin Maraɗi ko Ngaundere da ke son cin moriyar aikinsa yakan yi wa tasharsa rajista ta hannun ɗan'uwa a Katsina ko Yola ko Turai. Kuɗin na iya iso shi ta bayan gida, amma a lissafin duniya ƙasarsa ba ta samar da komai ba. Gobe idan ma'aikatar al'adunsa ta je neman kaso a wurin ministan kuɗi, ba ta da abin nunawa.

Ba wai ba a yi bincike kan fasahar Hausa ba. An yi, mai zurfi ma. Janet Beik ta yi littafi kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a 1987, Graham Furniss ya yi kan adabi da al'adun zamani a 1996, Brian Larkin ya yi kan silima da bidiyo a Kano a 2008, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya shafe shekaru da dama yana bin diddigin Kannywood da littattafan soyayya. A Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni na riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami kusan 4,000, cibiyar CELHTO kuma tun 1968 take naɗar tarihin baka. Wannan bincike yana amsa tambayar mene ne, daga ina ya fito, me yake nufi. Tambayar banki ita ce nawa ne, kuma wa zai biya. Tsakanin tambayoyin biyu akwai fili babba da kusan ba kowa a ciki, kuma kuɗin bincike a yanzu ya fi karkata ga ta biyun, wadda kamfanonin ba da shawara ke amsawa daga otel a babban birni.

Akwai hatsari idan ta farkon ta mutu. A 2002 wani ɗan tallafi na UNESCO ya ba marigayi Mamane Barka damar zuwa gaɓar tafkin Chadi ya zauna da Boukar Tar, dattijon da ya rage yana kaɗa biram, garayar Buduma mai tsirkiya biyar. Bayan rasuwar dattijon, Barka ne ya fitar da kayan kiɗan duniya ta ji shi. Ba bankin da zai ba da bashin irin wannan tafiya, domin babu ranar da za ta biya kanta.

Inda Bahaushe ke tsiraru

Ga Hausawan Kamaru da Chadi da Ghana da Benin da Togo, matsalar ninki biyu ce. Asusun al'adu na ƙasa ne, kuma a idon jami'in da ke rabawa, fim ko waƙar Hausa kayan Najeriya ne da suka shigo. A idon Najeriya kuma mai yin su baƙo ne, ba shi da lambar banki ko rajistar kamfanin da za ta sa shi cikin iDICE.

Kamaru ta kafa asusu na musamman don tallafa wa al'adu tun 2001, wanda ya fara da sefa biliyan 1 a shekara, kuɗin da bai kai ya wadaci Yawunde da Duwala ba, balle ya hau arewa. Haƙƙin mawaƙa kuwa ya sha wucewa daga wannan hukuma zuwa waccan, daga SOCINADA zuwa CMC zuwa SOCAM zuwa SONACAM, kowace da rigimarta. A Ghana dokar fim ta 2016 da dokar masana'antun ƙirƙira ta 2020 duk sun tanadi asusu, amma Hausa, duk da cewa ita ce harshen zango daga Nima har Tamale kuma gidan rediyon gwamnati na watsa shiri da ita, ba ta cikin harsuna 11 da hukumar harsunan ƙasar ke wallafa littattafai da su. A Chadi, kyautar da Mahamat-Saleh Haroun ya ci a Cannes a 2010 ta sa gwamnati ta gyara silimar Normandie ta Njamena aka sake buɗe ta a 2011, abin da ke nuna yadda hukuma ke motsawa idan yabo ya zo daga waje, ba idan kasuwar unguwa ta cika ba.

Hatta shirye-shiryen da aka ce na yanki ne, iyakarsu ta ratsa ta tsakiyar ƙasar Hausa. Shirin ACP-UE Culture na Tarayyar Turai, mai yuro miliyan 40, ya raba Afirka shiyya-shiyya: Nijar da Najeriya da Ghana a tagar yamma, wadda Institut français da cibiyar Kôrè ta Segu suka gudanar, Kamaru da Chadi a tagar tsakiya, Sudan a gabas. Ƙungiyar da ke son zagayawa da wasa ɗaya daga Damagaram zuwa Kano zuwa Garwa zuwa Njamena, tafiyar da duk da harshe ɗaya za a yi ta, ta faɗa taga biyu, da naira, da sefa iri biyu masu daraja ɗaya waɗanda ba a karɓar ɗaya a kasuwar ɗaya.

Alkawarin gida

Gwamnatocin Sahel na cewa 'yancin kai ya haɗa da al'ada, don haka daidai ne a auna su da kasafinsu. Tarayyar Afirka ta ɗora wa mambobinta burin ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafi ga fasaha da al'adu da kayan tarihi nan da 2030. Senegal ta nuna abin da ɗan kuɗi mai ɗorewa ke iya yi: asusunta na FOPICA ya fara samun sefa biliyan 1 a 2014, cikin shekara biyar Félicité na Alain Gomis ya ci kyauta a Berlin da Wagadugu, Atlantique na Mati Diop ya ci a Cannes. Burkina Faso na da asusun FDCT tun 2016, ko da yake shi ma ya jingina da kuɗin Tarayyar Turai, kuma ta gudanar da FESPACO na 2025 duk da yaƙi, Chadi ce baƙuwa ta musamman. Mali ta ayyana 2025 shekarar al'adu, ta kuma ba Mamou Daffé, wanda ya kafa bikin Festival sur le Niger, kujerar minista. Daffé na cikin waɗanda suka assasa asusun al'adu na Afirka a Bamako a 2018, inda manyan masu zane irin su Abdoulaye Konaté ke ba da ayyukansu a sayar a tallafa wa ƙanana. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ba ya jiran biza.

A Nijar, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Mataki ne mai nauyi, amma harshen ƙasa yana buƙatar littattafai, da masu fassara, da shirye-shiryen talabijin da ake biya, kuma duk waɗannan layi ne a kasafi. Ƙasar ta san yadda ake yi idan ta so. Gasar kokawa ta Takobi, tun 1975, kusan kowace shekara ana yin ta da kuɗin gwamnati da na kamfanoni, kowace jiha da filinta, kowa ya san ladan zakara. Gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu ba ta taɓa samun irin wannan tsayuwa ba. Wata shekara a yi, wasu a tsallake.

Kuɗin gwamnati kuma yana zuwa da nasa sharaɗi. A zamanin Seyni Kountché ƙungiyoyin samariya sun samu dandamali da gasar ƙasa, wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa, su Yazi Dogo suka zama sanannu a kowane gida, amma hukuma ce ke nuna alƙiblar jigo. Yau ma waƙar kishin ƙasa da yabon sojoji ta fi saurin samun fili. Wanda ya guji alƙalin Paris ya faɗa hannun alƙalin fada, sharaɗi kawai ya sauya. A Kano, inda gwamnatin tarayya ta janye shirin ƙauyen fim na naira biliyan 3 a 2016 bayan adawar wasu malamai, hukumar tace fina-finai ta jihar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Dadin Kowa, bisa zargin rashin kawo su tantancewa. Abin lura shi ne, hukumar da ta fi kowa yawan bayanai kan masu fim ɗin Hausa, sunayensu da kamfanoninsu da ayyukansu tun 2001, ita ce wadda aikinta hukunci ne, ba neman musu jari ba.

Kayan ƙirgar dai suna nan a warwatse: rajistar wannan hukuma ta Kano, da kundin hukumar haƙƙin mallaka ta Nijar, BNDA, da jerin waƙoƙin da rediyoyin karkara ke sawa, da bayanan kamfanonin waya kan waƙoƙin kira, da alƙaluman masu kallo da kowane mai tashar YouTube ke gani a wayarsa, ƙasa bayan ƙasa. Haɗa su ba ya buƙatar biliyan. Yana buƙatar wata hukuma da iyakar Jibiya ko ta Kuseri ba ta tsayar da ita ba. Tarayyar Afirka na da irinsu guda biyu: CELHTO, da makarantar harsunan Afirka ta ACALAN, wadda ta kafa kwamiti na musamman ga Hausa a matsayin harshe mai ratsa iyakoki. Ta farko a Yamai take, ta biyu a Bamako. Tarayyar ta dakatar da Mali tun Yunin 2021, ta dakatar da Nijar a Agustan 2023.